Bawul ɗin da ya yi shiru shi ne abin tsoro

Shagona yana Aboabo, nan Kumasi. Shekara goma sha bakwai ke nan ina gyaran babur, ko moto kamar yadda muke kiransa a nan, tun ranar da maigidana ya yaye ni a Suame Magazine, unguwar masu gyaran inji da sayar da kayan gyara. A tsawon shekarun nan babu maganar da na fi maimaitawa kamar ta saitin bawul. Mutum zai kawo babur juyen baƙin mai, in ce masa lokacin duba bawul ya yi, sai ya dube ni ya ce, "Masta, moton nan lafiya lau yake, ko ƙara ba ya yi. Me za a buɗe?" Wasu ma gani suke yi dabarar cin kuɗi ce ta masu gyara. Ba na ganin laifinsu, don ba a taɓa nuna musu abin da ke ciki ba.

Bara da hunturu aka kawo mini wani babur a bayan aboboyaa, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Na wani yaro ne ɗan unguwarmu, mahaifinsa abokina ne tun muna makarantar allo. Yaron yana kai kaya Ejura ranar kasuwa, babur ɗin mai 150 ne, bai cika shekara biyu ba. Wata rana ya fara jin ƙas-ƙas-ƙas a saman inji, abin ya dame shi, sai ya tsaya wurin wani mai gyara a bakin hanya. Shi kuwa ya buɗe murfi inji na zafi, ya yi ta ɗaure tafet, wato sukurun saita bawul, da kunne har ƙarar ta ɗauke ɗif. Yaro ya biya yana murna. Ba a yi wata ɗaya ba babur ya fara gardamar tashi da safe, sai an yi kik goma ko fiye. In ya yi zafi kuma aka saki totur, sai ya mutu. Aka canza fulogi, aka wanke kafireta har sau biyu, ya sayi sabon batir. Ran nan a hawan Mampong, da kaya a baya, inji ya yi ta tari ta salansa, ƙarfi ya tafi gaba ɗaya.

Na cire kan inji na kife shi a kan benci. Bawul ɗin shiga lafiyarsa lau, baƙi-baƙi kamar yadda ya kamata. Na fita kuwa ya yi fari kamar toka, gefensa ya ɓantare, ɗan gurbi kamar ƙwayar shinkafa, sai ka ce ɓera ne ya gatsa. Na zuba kananzir ta ramin salansa, ya biyo ta gurbin nan yana zuba a hannuna.

Yaron ya ce, "Masta, wallahi shiru yake yi kamar sabo."

Na ce, "Ɗana, shirun nan ne ya ci maka inji."

Sabon bawul, gasket, aikin niƙa mazauni, kuɗin aboboyaa daga Mampong, ga kwana uku ba aiki, ban da fulogi da batir da aka saya a banza. Aikin da zai hana wannan duka ba ya wuce rabin awa, kuɗinsa kuma bai kai na cika tanki ba.

Me ya sa ake barin gibi

Injin babur mai bugu huɗu yana da bawul na shiga, wanda ke buɗe wa iska da fetur hanya, da na fita, wanda ke sakin hayaƙi. Idan inji yana juyi 6,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 3,000, wato sau 50 a sakan ɗaya. Na fita cikin wuta yake zaune, zafinsa kan kai digiri 700 ko ya wuce. Ba shi da wurin sauke mafi yawan zafin nan sai a ɗan lokacin da ya koma ya zauna daram a mazauninsa, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe.

To, ƙarfe in ya ji wuta miƙewa yake yi. Shi ya sa masu ƙera inji suka bar ɗan gibi tsakanin kan bawul da roka mai danna shi, don in ya miƙe ya sami wuri. Gibin nan kaurinsa kamar gashin kai ne. In ya yi yawa, roka na marin bawul, ka ji ƙara, ƙarfi ya ɗan ragu, abubuwa su riƙa cin juna a hankali. Wannan ba daɗi, amma yana gaya maka da bakinsa. In gibin ya ƙare kuwa, bawul ba ya rufewa sosai. Matsi na zurarewa, wuta na bi ta gefe kamar wutar walda, bawul ba ya samun sanyaya, har ya ƙone. Kuma duk wannan cikin shiru yake faruwa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ko ba wanda ya taɓa tafet, gibin yana iya rufewa da kansa. Bugun da bawul ke yi wa mazauninsa dare da rana yana sa ya nutse ciki kaɗan-kaɗan, sandarsa ta taso sama ta cinye gibin. Na fita ya fi yin haka saboda zafi. Na shiga kuma ƙura ce ke cinsa: matatar iska ta yage ko an cire ta an yar, jar ƙasar hanyoyin ƙauye da ƙurar hunturu su riƙa shiga suna goge fuskar bawul kamar sanfefa. Don haka wanda ya ce zai jira sai ya ji ƙara, rabin ciwon kawai yake tsaro, kuma rabin da ba ya kisa.

Shi ya sa amsata ba ta canzawa. A ƙaramin babur mai noti da sukuru, irin waɗanda suka cika Asawase da Tafo da Kejetia, duba bawul a kan lokaci ya cancanci kuɗinsa nesa ba kusa ba. Pragya, mai ƙafa uku na fasinja, da aboboyaa ma haka, su da suka fi ɗaukar nauyi da zafi. Wanda wannan magana ba ta shafa ba shi ne mai inji mai bugu biyu, irin tsohon Yamaha AG100 da malaman gona ke hawa, ko Suzuki AX100, don ba su da irin wannan bawul ɗin sam.

Yaushe

Littafin babur ɗinka shi ne alƙali. A yawancin ƙanana za ka ga an ce a duba bayan kilomita 500 ko 1,000 na farko, sannan duk bayan 4,000 zuwa 6,000. Na farkon nan kada ka yi wasa da shi, don a lokacin ne sabon bawul ke neman wurin zama, gibi ya fi motsawa. Ɗan okada da ke cin kilomita 100 a rana zai cika 4,000 cikin kwana arba'in. Na san mita ta mutu a babura da yawa, saboda haka nakan ce wa masu aiki da babur kullum su haɗa shi da juyen baƙin mai: an juye uku, a na huɗu a duba bawul. Alhazan da babur ɗinsu daga gida sai shago sai masallaci, nakan ce musu sau biyu a shekara ya isa, ɗaya bayan ƙaramar Sallah, ɗaya wajen Maulidi.

In kuma ka ga tashi da safe ya yi wuya, kik ya yi laushi a ƙafa, silo ba ya tsayawa, ko inji na atishawa ta kafireta, kada ka jira lissafi. A auna bawul tukuna kafin a taɓa kafireta. Sau da yawa kafiretar da ake ta wankewa ba ta da laifin komai.

Yadda nake yi

Aikin daga daren jiya yake farawa. Inji ya kwana bai tashi ba. Littafin Honda cewa yake yi zafin inji ya zama ƙasa da digiri 35, kuma a Kumasi cikin Fabrairu da Maris iskar azahar kanta tana kusan kai wannan. Ni da sassafe nake yi, bayan asuba. Wanda ya hawo babur ya zo, nakan ce ya ajiye ya tafi harkarsa, sai kan inji ya yi sanyi kamar ƙarfen benci. Duk lambar da ka auna a inji mai zafi ƙarya ce.

Kayan aiki ba su da yawa: sufanar fulogi, sufana mai zobe lamba 9 ko 10 ta notin tafet, soket na juya magineto, ɗan makullin tafet mai baki murabba'i ko sukudireba, ya danganta da kan sukurun, sai tsumma mai tsabta. Uwa uba fila geji, ma'aunin nan mai siraran ƙarafa da ke ninkewa kamar wuƙar aljihu. In ba ka da shi, kada ka fara. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Na san abokan sana'a da ke kama roka da yatsa biyu su jijjiga su ce ya yi. Na san masu sa reza. Kaurin reza kusan 0.10 ne na milimita, ya ninka abin da wasu injuna ke so. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan bai sani ba, yatsa ma bai sani ba. Bambancin 0.05 da 0.08 ba hannun ɗan Adam da ke gane shi ba tare da ma'auni ba. Maigidana ya fi shekara talatin a aikin, amma ban taɓa ganin ya saita bawul ba fila a hannunsa ba.

Ka san lambarka kafin ka buɗe. Honda CG125, wanda ya fito a 1975, wanda kuma injin babura da aboboyaa masu yawa a ƙasar nan kwaikwayonsa ne, 0.08 yake so a duka biyun. Tsohon Honda Cub, irin C70 da C90, 0.05 ne. Wasu injunan na fita ya fi na shiga faɗi. Yawancin ƙanana suna tsakanin 0.05 da 0.10, amma kada ka ɗauki lambar babur ɗin maƙwabci ka sa wa naka. Ka kuma lura da rubutun jikin fila, don yawanci yana ɗauke da milimita da inci tare: 0.002 na inci shi ne 0.05, 0.003 shi ne 0.08, 0.004 shi ne 0.10. Na taɓa kama yaron shagona yana shirin sa 0.5 a wurin 0.05. Ninki goma ke nan, sifili ɗaya kawai ya raba su.

Ka ɗora babur a kan jak ɗin tsakiya, giya a firi. Ka goge saman inji tas kafin ka buɗe komai, don yashi ɗaya da ya faɗa ciki ya zama abokin zaman inji. Cire fulogi, inji zai yi sauƙin juyawa. Buɗe murfin tafet: irin CG murfi ɗaya ne a sama, irin Cub kuma ƙananan murafe biyu ne masu zagaye. Wanda ke wajen kafireta shi ne na shiga, wanda ke wajen salansa na fita. A gefen hagu akwai marufi biyu a jikin murfin magineto, babba a tsakiya na juyawa, ƙarami a sama na leƙawa. Buɗe su duka.

Nan ne inda ake ɓata aiki, saboda haka a bi a hankali. Fistan yana hawa ƙololuwa sau biyu kafin inji ya gama zagaye ɗaya na aikinsa, kuma a duka biyun alamar T ta jikin magineto tana bayyana a ramin leƙe. Ɗaya ce kawai take da amfani a gare ka, wadda bawul biyu duk suke rufe. Ka juya magineto hannun hagu, saɓanin tafiyar agogo, idonka a kan bawul ɗin shiga. Za ka ga ya nutse, sannan ya taso. Daga nan ka koma ramin leƙe kana juyawa kaɗan-kaɗan. Alamar F za ta fara zuwa, wannan ta wuta ce, ka wuce ta. Layin T ya daidaita da ɗan tsagin da ke bakin ramin, ka tsaya. Taɓa roka biyun: ya kamata su ɗan motsa. In duk biyun sun ƙame, wataƙila kana kan T ɗin da ba ita ba, ka ƙara juyi ɗaya cikakke. In ka zarce alamar, kada ka koma baya, ka zagayo. Wasu injunan suna da ɗan abin rage matsi a jikin kam, wato sandar da ke juyi tana sa bawul buɗewa, komawa baya na sa ya taɓa bawul ɗin fita ya ba ka awon ƙarya.

Yanzu ka auna kafin ka kwance komai. Wannan ina jaddada shi ga yarana kullum: dubawa daban, saitawa daban. Shafa wa fila ɗan mai, ka zura shi a miƙe tsakanin sukuru da kan bawul. Abin da kake nema shi ne ya shiga da ɗan riƙo, kamar kana zare takarda daga ƙarƙashin kofin shayi cike. In ya wuce sululu, gibi ya yi yawa. In ya ƙi shiga yana lanƙwasa, ya yi kaɗan, kuma kada ka tilasta shi, siririn fila da ya murɗe ya tashi daga aiki. Don ka tabbata, gwada na gaba da shi: in 0.08 kake nema, kada 0.10 ya shiga. Wanda ka samu daidai, ka bar shi yadda yake. Ba dole ba ne duk buɗewa a taɓa noti.

Wanda ya kauce, sassauta notinsa, ka bar fila a ciki, ka juya sukuru a hankali har ka ji riƙon nan. Riƙe sukurun kada ya motsa, ka ɗaure noti. Sai ka sake aunawa, domin ɗaure noti kusan kullum yana jan sukuru ya canza gibin. Wani lokaci sai na yi sau uku kafin ya zauna, kuma ba abin kunya ba ne. Notin ƙarami ne: in ka matsa masa da ƙarfin tsiya zare zai tafi, in ka bar shi sako-sako zai kwance ya faɗa cikin inji. Ɗaurin wuyan hannu ya isa, ba na kafaɗa ba. In kana tsakanin lamba biyu kana shakka, ka karkata wajen faɗi kaɗan, musamman a na fita.

Ka juya inji zagaye biyu, ka dawo T, ka auna karo na ƙarshe. Duba robar murfi, in ta bushe ko ta tsage ka canza. Mayar da komai, ka tayar. In ka ji ɗan ƙis-ƙis siriri kamar na keken ɗinki, kada ka damu, lafiya ce. In ƙara ce mai ƙarfi bayan awo ya nuna daidai, to ba saiti ba ne: ko kan bawul ya yi rami har fila na hayewa ta sama, ko roka ta ci, ko sarƙar taimin ta saki. Ɗaure tafet ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu, ɓoye su kawai yake yi.

Abu na ƙarshe, ka rubuta. Ni da maka nake rubutawa a ƙarƙashin sit: ranar, lambar mita, da abin da na samu kafin in saita. Amfanin wannan sai a zuwa na biyu da na uku yake fitowa. Babur ɗin da na buɗe sau uku bai motsa ba, nakan ce wa mai shi ya ƙara tazara, ya riƙe kuɗinsa. Wanda kuwa na fitansa ke rufewa duk zuwa, daga 0.08 ya dawo 0.04, a saita ya sake dawowa, wannan bawul ɗin yana nutsewa ne, gara a cire kan inji a shago da a cire shi bayan an ɗauko babur daga hanyar Techiman.

Manyan babura

A nan ne tambayar ko duba bawul ya cancanci kuɗinsa take da nauyi da gaske. Manyan baburan da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema daga Turai da Amurka da Japan, yawancinsu ba noti da sukuru gare su ba. Shim suke amfani da shi, ɗan ƙarfe mai zagaye kamar ƙwayar magani, a ƙarƙashin wani ɗan kofi da kam ke dannawa. Irin wannan yana daɗewa bai motsa ba, shi ya sa manyan Honda da yawa kilomita 24,000 ne tazararsu, Yamaha da yawa kuma wajen 40,000. Yawancin Harley-Davidson ma da matsin mai suke daidaita kansu, ba a saita su. Amma aikin shim ba na rabin awa ba ne. Sai an cire tanki da robobi kafin a kai ga murfi, inji mai silinda huɗu bawul 16 gare shi, in kuma za a canza shim sai an ɗaga kam. Mutum zai biya kuɗin yini guda, a buɗe a ce masa duk daidai suke. Na fahimci wanda wannan ke yi wa ciwo.

Ga abin da nake gaya musu. Babur ɗin da ka saya na hannu, ba ka san tarihinsa ba, mitarsa ma ba lallai ta faɗi gaskiya ba, a auna shi sau ɗaya da zarar ya shigo hannunka, ko nawa ne. A irin wannan inji gibin kusan kullum rufewa yake yi, ba buɗewa ba, don haka kunne ba zai taɓa gaya maka ba, kuma bawul ɗaya da ya ƙone a cikinsa ya fi kuɗin awo sau da yawa, in ma an samu kayan a Magazine ba sai an yi oda ba. Bayan awon farko, lambobin su za su gaya maka. In duk suna tsakiyar iyaka, kana da sarari. In na fita suna bakin iyakar ƙasa, a canza su tun murfi yana buɗe.

Lissafin shim ba wuya: kaurin tsohon shim, a tara da gibin da aka samu, a cire gibin da ake so. Tsoho 1.80, an samu 0.15, ana son 0.25, sabo zai zama 1.70. A toshe ramin sarƙar taimin da tsumma kafin a ɗaga ko ɗaya, don shim da ya faɗa can ƙasa sai an bi shi. Kuma kowane kofi da shim ɗinsa a ajiye su a kan kwali da aka zana wa gida-gida, kada na wannan ya koma gidan wancan. Wannan aikin ban ba wanda bai taɓa yi ba shawarar ya fara shi kaɗai. Ka nemi mai gyara da zai nuna maka takarda da lambobi 16 a rubuce. In ya ce maka ya saurara ya ji lafiya suke, ka ɗauki babur ɗinka.

Yaron Ejura ya dawo bayan kilomita 1,000 kamar yadda na ce masa, don sabon bawul ma sai ya nemi wurin zama. Tun dare ya turo babur ɗin ya jingine a bakin shago. Da safe na miƙa masa fila na ce shi zai auna. Bawul ɗin shiga 0.08, na fita ya sauko 0.06. Shi ya kwance notin da hannunsa, sau huɗu yana ɗaurewa yana sake aunawa kafin ya zauna, sannan ya ɗaga sit ya rubuta.